Ranar da Na Ce Ki Ce Ba Ki Sani Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Diffa, bakin gudron, babban titin kwalta, zuwa ga ƴata Yagana, mai sunan uwata.

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah Ya sa kun sauka Damagaram lafiya ke da goggonki Aisa, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na masu tare hanya, Ya sa ƙafarki ta saba da ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. Uwarki Fanna tana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Ba labarin gida ya sa na ɗauki biro ba. Gida yana nan yadda kika bar shi jiya.

Aisa, ke za ki karanta mata. Ki karanta duka. Inda kika ga na tona kaina kada ki tsallake don ni yayanki ne, inda na yi zafi kuma kada ki sassauta murya.

Yagana, ki saurara da kyau. Ran Litinin za su shigar da ke ɗaki a makarantar makafi su gwada ki. Madam Zainabu, wadda ta nemo miki wurin nan, ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: hadda da magana ba su dame su ba, lissafi za su duba, kalkil. In kin amsa, za su sa ki aji ki yi karatu kamar kowa. In kin yi shiru, za su kai ki sashen saƙar kujeru, kuma babu gwaji na biyu. Ban raina saƙa ba, da ta raga nake ciyar da ku. Amma ina so in za ki yi ta, ke ki zaɓe ta da kanki. A cikin dosiyenki, fayil ɗin takardunki na makaranta da ya riga ki isa, akwai wata takarda mai shekara huɗu, wadda ta ce ba ki gane lamba ko ɗaya. Takardar nan ƙarya ce, kuma ni na sa aka rubuta ta. Kin sani, na sani, amma ban taɓa zama na faɗa miki da bakina ba.

Kuskurena na farko ya girmi takardar. Kina da shekara uku ƙyanda ta tafi da idanunki, muna Bosso. Daga ranar na zama bakinki. Baƙo ya durƙusa ya ce, "Yagana, wa ya yi miki kitso?" kafin ki buɗe baki na ce, "Uwarta." Mai shayi ya ce, "Ƴar Bukar, da madara ko babu?" na ce, "Ba ta sha da madara." Ashe da madara kike so. Sai da kika shekara goma na ji, shi ma a bakin uwarki. Ina ce wa kaina tausayi nake yi. Ba tausayi ba ne. Ba na son mutane su tsaya suna kallon idonki lokacin da kike neman amsa, shi ya sa nake riga ki. Kunya nake ji, Yagana. Ga shi na rubuta, Aisa ta karanta.

A can za ki haɗu da masu irin wannan hali nawa, kuma yawancinsu mutanen kirki ne. Kina tsaye za su juya ga goggonki su ce, "Me take so?" Ki amsa ke. Ko an riga ki, ki ɗora taki a kan tasu, da ladabi amma da murya. Ƙyanda ido ta ɗauka, harshenki ta bar miki shi.

Na biyu, maganar raga.

Da mutanen daji suka shigo Bosso karo na biyu, muka fito da abin da ke jikinmu. Kina da shekara biyar, a wuyana kika yi tafiyar nan har muka zube a bakin gudron. Jirgina da raguna suka zauna can. Aka hana shiga tafki, aka hana cinikin banda. Allah Ya isa tsakaninmu da waɗanda suka mai da mutumin da ya tashi cikin ruwa mai zaman jiran buhun tallafi. Abin da ya rage a hannuna gyaran raga, ta masu shiga kogin Komadugu in ruwa ya zo. Nakan zaunar da ke kusa da ni in ba ki bakin raga ki riƙe, ba don komai ba sai don kada ki tafi wajen murhu.

Wata rana maƙwabcinmu Kolo ya kawo ragarsa, kalli mai faɗin ido yatsa uku, ya ce a sa mata sabuwar dalma a gindi. Ina zane a ƙasa da tsinke don in san dalma nawa zan yanka, ina sharewa ina sakewa. Sai kika ce, "Baba, arba'in da takwas."

Na ce, "Me?"

Kika ce, "Dalma. Ido ɗari biyu da arba'in ne a gindin, kai kuma kana sa ɗaya bayan ido biyar."

Kolo ya ja da baya ya ce, "Kai Bukar, wannan ƴar taka ita kaɗai ce a jikinta kuwa?"

Na bi ragar ina ƙirgawa ɗaya-ɗaya. Arba'in da takwas cif. Na ce yaya kika yi? Kika ce kin kama ido ashirin-ashirin a yatsu, kin samu sau goma sha biyu, kowane ashirin kuma yana cin dalma huɗu. Shekararki takwas, ba ki taɓa taka lekol, makarantar boko, ba.

To me ubanki ya yi? Dariya. Na ce wa Kolo, "Hannunta ya iya raga." Ban ce kanta ya iya lissafi ba, don a wurina kalkil wani abu ne da yake zaune a kan baƙin allo, da alli, da Faransanci, da bulala. Ban taɓa haɗa shi da abin da nake yi da zare tun ina yaro ba. Abu yana gabana, ina riƙe da ɗaya bakinsa, ban gane shi ba.

Ki riƙe wannan: abin da ke yatsunki shi ne abin da ke kan allonsu, babu bambanci. Za su sa mishi sunaye na Faransanci masu tsawo. Kada suna ya tsorata ki. In mushe, malamin ajinku, ya faɗi abin da ba ki gane ba, kada ki sunkuyar da kai, ki ce, "Mushe, a ba ni shi a hannu." Duwatsu, wake, igiya, duk abin da ke kusa. In ya shiga hannunki na san ba zai fita ba.

Yanzu ga babban.

Uwarki ce ta kai ki lekol, ba ni ba. Ta ja ki da hannu ta tsaya a ƙofar direkta har ya gaji ya karɓe ki. Wata biyu da shigarki, farar mota ta zo.

Ke ƙarar farar mota kawai kika sani. Bari in faɗa miki abin da take nufi a wurinmu. Tun da muka sauka a gudron, farar mota mai dogon eriya ta zo ta fi a ƙirga. Mutane su fito da riguna masu aljihuna, da waya mai faɗi a hannu, su ce sau nawa kuke ci a rana, me kuka baro, me kuke da shi. Mu an raine mu a kan ko gidanka na cin wuta, in an gaishe ka ka ce lafiya lau. Wata tsohuwa a layinmu ta amsa musu da "Alhamdu lillahi, muna samu," sai lis ɗin rabon abinci ya fito babu sunanta. Daga nan kowa ya koyi darasi. In farar mota ta tsaya, a ɓoye tukunya mai kyau, a shigar da akuya bayan zana, kowa ya rage kansa.

Ranar, Kolo ya shigo yana haki. "Bukar, arziki ya biyo ka har gida! Yau naƙasassu ake rubutawa a lekol. Amma ka ja wa ƴarka kunne. In ta fara ɗari biyu da arba'in ɗin nan nata, za su ce wannan ai ta fi mu lafiya, su tsallake ku."

Na ce, "Ka tabbata, Kolo?"

Ya ce, "Ni kake tambaya? Akwai lis ɗin da aka yi a gudron nan babu sunana?"

Uwarki tana wanke-wanke, ta ɗago ta ce, "Malam, ƙarya za ka koya mata?"

Na ce, "Ke yi shiru, me kika sani game da furoje, aikin masu farar mota?"

Na ja ki bayan zana, na dafa kafaɗunki biyu. Na ce, "Duk abin da suka tambaye ki, ki ce ban sani ba."

Kika ce, "Ko na sani, Baba?"

Na ce, "Ko kin sani."

Kika ce, "To, Baba."

Na tsaya a tagar aji ina leƙe. Mace ce mai tambayar, ita ce Madam Zainabu, da wani namiji a gefe yana rubutu. Ta zuba miki marafan kwalba biyar a tafin hannu ta ce nawa ne. Kika ce ban sani ba. Ta ɗauke biyu ta ce saura nawa. Ban sani ba. Ta ba ki igiya mai ƙulle-ƙulle. Na ga yatsunki sun bi ta da gudu har ƙarshe, na ga leɓenki ya motsa ya kai lambar, sannan kika ce ban sani ba. Daga ƙarshe ta kama hannunki a hankali ta ce, "Ƴata, yatsu nawa ne a nan?" Kika juya fuskarki wajen taga, don kin san inda nake tsaye. Kika ce, "Ban sani ba."

Ni kuwa ina gyaɗa kai. Ina jin daɗi ƴata ta bi magana. Duk abin da na yi a rayuwata, babu wanda nake ƙi kamar wannan gyaɗa kan.

Babu buhu, babu katin abinci. Ba rabon kaya suka zo yi ba. Bincike suka zo yi, anket, suna son su san yadda yaron da ba ya gani, ko ba ya ji, ko mai jinkirin ganewa, yake koyon lissafi in an canza mishi hanyar koyarwa. Yaran da suka amsa ko kaɗan aka ware musu ɗaki, aka kawo musu kayan taɓawa, allo mai ramuka da ƴan sanduna da igiyoyi, ana koya musu kwana uku a mako har ƙarshen shekara. Waɗanda ba su amsa komai ba aka rubuta cewa ba su kai ba tukuna, aka sa takardar a dosiyensu. Ɗakin da aka yi kamar don ke, ni na rufe miki ƙofarsa.

Ina da fushi da mutanen nan, kuma ba zan ɓoye ba. Sun tara iyaye kwana ɗaya kafin nan, ni ina bakin kogi ban je ba. Aka ce wani ya karanta takarda mai shafi biyu da Faransanci, tafinta ya juya ya ce, "Sun zo taimakon naƙasassu." Shafi biyu ya koma kalma huɗu, babu wanda ya tsaya ya ce ina sauran? Mutane masu karatu har haka, ba su tambayi kansu ba: in muka zo wa mai jin yunwa da irin motar da ke kawo mishi abinci, da irin rigar, da irin wayar, me bakinsa zai faɗa? Yaron da ke tallan ruwa a gudron ya san amsar. Su ba su sani ba. Sun ɗauko marafan kwalba tun daga Yamai, amma babu wanda ya tako gidan uba ɗaya ya ce, "Me ƴarka take yi da hannunta a gida?" Tambaya ɗaya! Da na ji ta, da na gane ba lis ba ne. Kuma da shekara ta ƙare suka kwashe allunansu suka tafi. Har yau babu wanda ya dawo ya tara mu ya ce ga abin da muka gano a kan ƴaƴanku. Sun auna yaranmu kamar yadda ake auna tattasai a Shetimari: mai awo ya tafi da sanin nauyi, mai gona ya koma gida yana zato.

Amma wannan fushi ba ya wanke ni. Su ba su san ki ba. Ni na san ki.

Saboda haka, duk wanda ya zo miki da takarda da tambayoyi, ko bature ne ko ɗan gari, ki fara tambayarsa kafin ya tambaye ki: wannan na mene ne, ina za a kai shi, wa zai karanta? In ya ƙi faɗa, ki ƙi amsawa, ki ce kin ƙi. Amma kada ki ce ba ki sani ba alhali kin sani. Kada ki rage kanki don a ba ki komai. Buhu kwana ashirin yake yi a gidanmu. Abin da aka rubuta a kanki ga shi ya shekara huɗu, ya ma riga ki shiga mota.

Na huɗu shi ne abin da mutane suke yabona da shi. Bukar mai haƙuri. Ko a masallaci in ana ba yara misali, ni ake nunawa.

Da na gane abin da na yi, na tafi wurin direkta. Na zauna a benci tun safe har azahar. Da na shiga, maimakon in faɗi gaskiya sai na ce, "Ranka ya daɗe, a sake gwada ta, ranar ba ta jin daɗi." Ya ce, "Takarda ta riga ta tafi Yamai, Malam Bukar. Ka yi haƙuri." Na ce to. Na koma bayan wata ɗaya, ya ce ka yi haƙuri. Na ce to.

Mushenku kuwa ya samu abin da zai dogara da shi. In lokacin kalkil ya yi sai ya ce, "Yagana, je ki huta," a fitar da ke gindin itacen bedi. Na tare shi sau ɗaya a hanya. Ya ce, "Malam Bukar, yara sun fi ƙarfin ɗaki, allina guda. Ga takardar masana ta ce ba ta kai ba. Ni wane ne? Me kake so in yi?" Ga wurin da zan ce, "Mushe, takardar ƙarya ce, ni na sa ta." Bakina ya buɗe, abin da ya fito, "Allah Ya ba da haƙuri, Mushe."

Shekara uku kina zaman gindin bedin nan. Nakan wuce da raga a kafaɗa in hango ki. Cikin aji suna rera tabul, biyu sau biyu, biyu sau uku, ke kuma leɓenki yana riga su. Sai in taka a hankali in bi ta bayan katanga don kada ki ji ni. Kin san takuna a cikin mutum ɗari. Na san kin ji, ba ki taɓa kira ba.

Me ya hana ni magana? Tsoro. Ina tsoron maganar ta kai kunnen masu lis su ce gidan Bukar maƙaryata ne su yanke mana kati. Ina tsoron dariyar su Kolo. Ina tsoron a ce ga mai haƙurin nan ashe haka yake. Na ɗauki tsoro na sa mishi farar riga, na ce haƙuri ne, mutane kuma suka taya ni.

Ni masunci ne, na san haƙuri na gaske. A tafki kana iya jira tun hantsi har la'asar, amma ragarka tana cikin ruwa tana aiki. Wanda ya zauna a gaɓa ragarsa a naɗe, ba jira yake yi ba, zama yake yi. In an ce miki ki yi haƙuri, ki tambayi kanki: akwai abin da na saka da nake jira? In babu, ki tashi ki koma ki sake ƙwanƙwasa ƙofar. In wani mushe a can ya ce je ki huta lokacin kalkil, ki ce, "Ban gaji ba, Mushe," ki zauna. In ya fitar da ke, ki gaya wa goggonki a ranar, ita kuma Aisa kin ji, ba ran gobe ba.

Na biyar ya fi mini nauyin rubutawa.

A gida kika daina. In miƙa miki raga in ce, "Uwata, dalma nawa?" ki ce, "Ban sani ba, Baba." Na farko na ɗauka wasa ne. Na biyu na ɗauka tsiwa ce. Wata rana mai raga yana tsaye yana jira, na tambaye ki sau uku, kika ba ni amsar nan sau uku, na mare ki. Ban taɓa dukanki ba sai ranar. Ba ki yi kuka ba, kika dafe kunci kika zauna.

Uwarki ta fito da muciya a hannu ta tsaya a kaina. Ta ce, "A kan me ka dake ta? Kai ka ce ta ce haka. Ka taɓa cewa ta daina? Yarinyar nan tun da aka haife ta ba ta taɓa tsallake maganarka ba, yau don ta bi ta kake marinta?"

Na ce, "Fanna, ya isa."

Ta ce, "Bai isa ba. Je ka wurin Kolo ya ba ka wata shawarar."

Na ɗauki takalmina na fita. Na ji maganar, amma na bar ta ta wuce, don tsayawa a kanta yana nufin in durƙusa gaban yarinya ƴar shekara goma.

Biyayya abu ne mai kyau, ni na koya miki ita, ba kuma zan ce ki zubar ba. Amma ba duk maganar babba ce ake ɗauka a ajiye har abada ba. In babba ya sa ki ƙarya, ko ya sa ki ɓoye abin da Allah Ya ba ki, ki ce mishi, "Ka yi haƙuri, ba zan iya ba." Ko malami ne, ko mijin da za ki aura wata rana, ko ni.

Kin san yadda abin ya tonu, amma akwai abin da ba ki gani ba. Bana da Madam Zainabu ta dawo, ita kaɗai ta zo, a taksi, babu rigar aljihuna. Ta yi ta tambaya har aka nuna mata gidanmu. Ta ce shekara huɗu yatsun wata yarinya suna damunta, yadda suka bi igiya. Ta zauna a tabarma ta ja ragar da nake gyara, kamar hira take da ni. Ta ɗaga murya ta ce, "Ashirin sau goma sha biyu, ai ɗari biyu da ashirin ke nan, ko Malam?" Da gangan ta ɓata. Na ga jikinki ya zabura. Kika ce can ƙasa, "Da arba'in." Sannan kika toshe bakinki da hannu biyu kika juyo wajena, kina jiran abin da zan yi.

Ita kuma ta bi fuskarki ta kalle ni. Wannan kallo ne ba ki gani ba.

Na aike ki ɗebo ruwa, na faɗa mata komai. Ban tsaya nan ba, na zazzage mata duk abin da na rubuta a sama, motar da tafinta da tafiyar da suka yi babu waiwaye. Ta bar ni har na gama, ta ce, "Malam Bukar, ka ɓata mana aiki, mu kuma mun ɓata maka ƴa. Kuma ina jin ba gidanka kaɗai ba ne." Na ce to a cire takardar. Ta ce ba ta da ikon cirewa, abin da ya shiga dosiye ya shiga. Abin da za ta iya shi ne ta roƙi a gwada ki sabo. Shi ne na ran Litinin.

Shekaranjiya na koma lekol. Ban zauna a benci ba. Na shiga, direkta da mushenku suna tare, na faɗa musu abin da ya kamata in faɗa tun shekara huɗu. Mushe ya sunkuyar da kai yana juya alli. Kafin magariba labari ya zaga layinmu. Kolo ya leƙo ta kan zana ya ce, "Kai dai Bukar ba ka iya zaman duniya ba. In suka yanke maka kati kada ka zo mini." Na ce, "Kolo, sauke kanka daga zanata." Kati kuwa su yanke in sun ga dama.

Saura ke. Jiya a tasha na riƙe hannunki har direba ya yi hon sau biyu. Na yi niyyar in faɗa miki. Abin da ya fito shi ne, "Ki riƙe goggonki da kyau." Mota ta tashi, na tsaya ina zagin kaina a gaban masu sai da burodi. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, zan ba direban gobe don ta same ku kafin Litinin.

Aisa, nan ki karanta a hankali.

Yagana, na ba ki umarni a bayan zana, na ce duk abin da suka tambaye ki ki ce ba ki sani ba. Ban taɓa janye shi ba. Yau na janye. Ni Bukar ubanki na janye shi, a gaban Allah da goggonki. Ba ki da sauran alkawari da ni a kan wannan.

In kin shiga ɗakin nan, babu kowa a taga. Abin da suka sa miki a hannu ki ƙirga shi da ƙarfi su ji. In kin san amsa ki faɗa tun kafin su gama numfashi. In kina shakka ki faɗi abin da kike zato, ki nuna musu yadda kika bi. Kuskuren da aka ji ana gyara shi, shiru ne ba a san ta inda za a kama ba. In suka ce ga takarda ta ce ba ki gane lamba, ki ce, "Babana ne ya ce in yi shiru." Ki faɗi sunana. Kada ki rufa mini asiri, na yafe miki wannan kunyar.

Ke kuma ki yafe mini, in kin iya. In ba ki iya yanzu ba, ba na gaggawa. Ki fara amsa musu tukuna.

Allah Ya buɗe miki baki ran Litinin, Ya daidaita miki yatsu, Ya sanyaya zuciyar wanda zai gwada ki. Ya tsare ki a kwanciyarki da tashinki, Ya haɗa ki da malaman da za su tambaye ki ke da kanki. Ya kawo mana lafiya a ƙasarmu, Ya sa ruwan Komadugu ya zo ya same mu da rai, ki dawo hutu ki same mu duka. Amin.

Ubanki,
Bukar